Barbushe Ya Hango Gobe, Amma Wa Ya Ba Da Labarin?

Masu iya magana sun ce gobe ta Allah ce. Duk da haka, in mutum ya bi labarun kaka da kakanni, da wuya ya rasa wani tsoho, ko boka, ko maharbi, wanda aka ce ya hango goben tun ba ta waye ba. Na daɗe ina tunani a kan irin wannan mutum da abin da yake yi wa labari, don haka na ga ya kamata in gaya wa jama'a masu karatu abin da na lura da shi.

A ƙasar Hausa babu misalin da ya kai na Barbushe. Littafin tarihin Kano, wanda Bature H. R. Palmer ya fassara daga Larabci zuwa Turanci cikin 1908, ya nuna shi a matsayin shugaban mutanen Dala, ƙaƙƙarfan da ke kashe giwa da sanda. Shi kaɗai ke shiga wurin Tsumburbura, jama'a kuwa suna waje da baƙaƙen karnuka da kaji da bunsuraye, sa'an nan ya fito ya gaya musu abin da zai auku cikin shekara. Har ya gaya musu wani baƙo zai zo da runduna ya karɓe mulki, za a sare itaciyarsu a ƙone, a kuma gina masallaci. Da suka nemi magani, sai ya nuna musu babu wani magani sai haƙuri.

To, daga nan labarin ya sake kama. Mai sauraro ya riga ya san ƙarshe, saboda haka abin da yake jira shi ne ya ga yaushe abin zai zo, da kuma yadda mutanen za su ɗauke shi. Bagauda ya iso, bisa lissafin Palmer cikin shekara ta 999. Sarki Tsamiya ya fasa wurin tsafin. A zamanin Yaji, wanda ya hau mulki cikin 1349, Wangarawa suka zo daga Mali aka gina masallaci. A zamanin Muhammadu Rumfa aka sare itaciyar. Kusan shekara 500 ke nan aka ɗaure da igiya guda, watau maganar tsoho ɗaya, kowane sarki kuma ya zo ya cika nasa kason.

Ba mu kaɗai ke da wannan dabara ba. Mawaƙan Mandinka suna cewa wani maharbi ne ya gaya wa mahaifin Sunjata ya auri wata mace mai doro, Sogolon, domin ɗanta zai yi mulkin da ba a taɓa yi ba. Shi ya sa ko da yaron ya daɗe bai yi tafiya ba, ana yi masa dariya, mai sauraro bai karaya ba, ya san ranar tashinsa tana tafe. Amma akwai bambanci. Maharbin Mali albishir ya kai wa masu nasara, Barbushe kuwa faɗuwar mutanensa ya faɗa da bakinsa.

Ni malamin makaranta ne a Sabon Tasha, kudu da birnin Kaduna, a kan hanyar Kaciya da Kafancan. A ajina akwai 'ya'yan Gbagyi da Bajju da Atyap da Ham, da Hausa kuma suke hira da juna. Ran da na ba su labarin Barbushe, wata yarinya ta tambaye ni, ta ce, "Malam, wa ya ji shi sa'ad da yake faɗa?" Lalle tambayar ta isa tambaya. Littafin ya tsaya ne a kan Sarkin Kano Muhammadu Bello, a ƙarshen ƙarni na 19, kusan shekara 900 bayan Bagauda, kuma labarin sarakunan da suka gaji Bagauda yake bi. Ashe mai alƙalamin ya riga ya ga masallacin da idonsa. In wanda aka ƙwace wa mulki shi ne ya ce ƙaddara ce, ai ya rufe bakin jikokinsa, babu sauran mai ƙara.

Abin da ya sa maganar ta dame ni shi ne, har yau ba mu daina saƙa irin wannan labari ba. Bayan rikicin Kafancan na 1987, da na Kaduna na 2000 wanda ya raba mazaunan birnin, wasu suka koma kudu da kogi wasu arewa, na sha jin mutane daga kowane ɓangare suna cewa ai tsofaffi sun riga sun faɗa, waɗancan mutanen ba abokan zama ba ne. Da wuya ka sami mai iya gaya maka sunan tsohon, ko ranar da ya faɗa. Amma da zarar yaro ya yarda an riga an rubuta ƙarshen labarin, sai ya daina neman gyara, ya zauna yana jiran maƙwabcinsa ya cika abin da aka faɗa a kansa.

Ban ce a bar labarin Barbushe ba. Gadonmu ne, yana kuwa da daɗin ji, kuma akwai abin tausayi ga shugaban da ke yi wa jama'arsa hidima alhali ya san gidan zai rushe. Roƙona ga iyaye da malamai shi ne, duk sa'ad da muka ba yara labarin wanda ya san gobe, mu ba su tare da tambayar yarinyar nan: wa ya ji, wa ya rubuta, wa kuma maganar ta amfana? Allah Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu, amin.