Gishirin da na sa aka ƙara wa Inna

Da kakar bara matauni ya hana Inna barci, kuncinta ya kumbura, kanumfarin da take cusawa ya daina yi mata aiki. Na ɗauko ta daga Wagini, muka biyo ta Batsari zuwa Katsina, likitan haƙori ya yi mata allurar kashe zafi can ƙuryar muƙamuƙi, ya cire shi.

Washegari ta kai lomar tuwo baki, ta ture kwanon. "Miyar nan salam take," in ji ta.

A nan na tafka kuskurena. Ban tambayi Inna komai ba, na juya kan maiɗakina, na yi mata faɗa a gaban yara, na ce ta daina yi wa tsohuwa rowar gishiri. Ba ta ce uffan ba. Kwana goma sha biyu tana ware miyar Inna tana ƙara gishiri da Maggi, alhali duk gidan mun san Inna na shan maganin hawan jini. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi.

Ciwon kai da jiri ne suka mayar da mu asibiti. Jinin Inna ya hau sosai. Da muka leƙa wurin likitan haƙorin kan batun ɗanɗanon, sai ya ɗiga mata ruwan gishiri a gefen harshe na dama, ta ji. Ya ɗiga a hagu, ɓangaren da aka yi allurar, shiru. Ya bayyana mini cewa jijiyar da ke ɗaukar ɗanɗanon gaban harshe tana bi ta dab da inda allurar ke shiga. Yawanci maganin, lidoken, yakan saki mutum cikin 'yan sa'o'i, amma jefi-jefi tsinin allurar kan taɓa jijiyar, ta ɗauki makonni kafin ta farfaɗo. Ga kuma Flagyl da aka ba ta, wanda ke barin ɗanɗanon ƙarfe a baki.

Daren nan na nemi gafarar maiɗakina, a gaban yaran da na yi mata faɗa.

Sai a mako na bakwai Inna ta ce ta ji daddawa a miyar kuka.

Ɗan'uwa, in naka ya ce bakinsa ba ɗanɗano bayan cire haƙori, ka mayar da shi wurin likitan kafin ka taɓa gishiri.