Tsohon Ma'auni a Jakar Malama

A wani ƙauye gabas da Maraɗi, idan damina ta sauka, mata sukan fita gona tun da asuba. Yaran da ba su isa shiga lakwal ba akan bar su a harabar majami'a, a gindin darbejiya, wurin wata tsohuwa da kowa ke kira Inna. Ladanta tiyar gero ɗaya daga kowace uwa idan kaka ta yi. Akwai irin su Inna a ƙauyuka bakwai na yankin, kuma Zumuntar Mata ta zaɓi mace ɗaya ta riƙa zagaya su, tana duba yaran, tana ba masu renon shawara. Ita ce ake kira Malama.

Malama ta sami koyarwarta a 2005, shekarar da yunwa ta afka wa Nijar, tamowa ta cika asibitocin Maraɗi da yara. Kwana uku aka koya musu, aka ba kowacce ma'aunin dantse, wato ɗan zaren roba mai launuka, aka ce idan ya nuna ja a kai yaro likita nan da nan. Ta riƙe wannan magana da hannu biyu. Shekaru suka shuɗe tana yawo a ƙasa, rana da ruwa, ma'aunin na cikin jakarta tare da littafin waƙoƙi. A duk shekarun nan ba wanda ya sake kiranta ya zaunar da ita ya ce ga abin da ya sauya.

Wata ranar Agusta ta isa wurin Inna. Tsohuwar ta jawo wani yaro ɗan shekara biyu, wanda aka yaye da gaggawa domin uwarsa ta sami ciki.

"'Yata, dubi yaron nan. Ba ya wasa, ba ya son kunu. Raina bai kwanta da shi ba."

Malama ta naɗa ma'auni a dantsensa na hagu, tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, kamar yadda aka koya mata. Bai kai ja ba. Ta dubi ƙafafunsa, ta gan su cike.

"Inna, ki kwantar da hankalinki. Ga shi ma har da 'yar ƙibarsa. A ƙara masa gyaɗa a kunu, in na dawo sai in sake gwadawa."

Bayan kwana tara aka ɗauki yaron a amalanke, jikinsa ya saki. Majo na likitar yankin ya danna bayan ƙafafunsa biyu da manyan yatsunsa, ya ƙidaya uku, ya ɗaga. Wurin ya lotsa, bai taso ba. Abin da Malama ta ɗauka ƙiba, kumburi ne, alamar tamowa mai tsanani, ko da ma'auni ya nuna kore. An faɗa musu haka sau ɗaya a 2005, amma a allo, ba a jikin yaro ba. Sai majo ya ce ta nuna masa ma'auninta. Ya juya shi, ya yi shiru. Jan da ke kansa ya fara ne daga ƙasa da santimita 11. Tun 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ɗaga iyakar zuwa 11.5, domin an gane cewa yaran da ke tsakanin nan su ma suna bakin haɗari. Dantsen yaron a tsakanin nan yake. Rabin santimita, wanda bai kai faɗin farce ba, ya kusa cin rai.

Aka wuce da yaron babban asibiti, ya yi mako uku, Allah ya tashe shi. Amma Malama ta kasa barci. Ta ɗauki jakarta ta kai wa shugabar Zumunta, ta ce a nemi wata. Inna ce ta biyo ta har gida, tana dogara sanda.

"'Yata, fartanya in ta dakushe ba a jefar da ita, maƙera ake kai ta. Ke kina zuwa ki duba mu. To, ke wa ke zuwa ya duba ki?"

Wannan tambaya ce aka kai gaban dattawan ikilisiya, kuma ba wanda ya iya amsa ta. An sha yin baiko domin kwanon rufi da kayan mawaƙa. Masu wa'azi sukan tafi taron ƙarin ilimi. Amma matar da tsofaffi bakwai da yara masu yawa suka dogara ga bakinta, an bar ta da ilimin kwana uku. Na gaba idon na baya ne. Idan idon ya dushe, dukan ayarin ne zai faɗa rami.

Zumunta ta yanke shawara uku. Kowace shekara a watan Mayu, kafin shuka, Malama da takwarorinta na sauran ikilisiyoyi za su yi kwana biyu wurin majo, kuɗin mota da abinci daga asusun mata. Bayan kowane wata uku za su haɗu, kowacce ta kawo labarin yaro ɗaya da ya ba ta wuya, har da wanda ta yi kuskure a kansa. Sau ɗaya a damina kuma wata da ta fi su sani za ta bi kowacce zagaye, ta ga hannunta a kan aiki.

A zaman farko Malama ta ga yawan abin da ya wuce ta. Ta san ruwan gishiri da sukari domin gudawa, amma ba ta san cewa tun 2004 ake haɗa shi da ƙwayar zinki na kwana 10 zuwa 14 ba. Ta ji dalilin da ya sa jariri ba ya bukatar ko ruwa, sai nono zalla, har wata shida. A wata shekarar kuma aka bayyana musu maganin rigakafin masassarar cizon sauro da Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012, wanda ake ba yara daga wata uku zuwa shekara biyar sau ɗaya a wata cikin damina. Kowacce ta danna ƙafar yaro da hannunta, har sai da majo ya gamsu.

Darasin da ya fi yi mata nauyi kuwa ba na magani ba ne. An koya musu cewa mai zagaye ta fara da tambaya kafin ta buɗe jaka, kuma in za ta gyara wa tsohuwa, ta ja ta gefe, kada ta kunyata ta a gaban uwaye. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Inna ba ta taɓa shiga aji ba, amma ita ce ta fara ganin yaron ba ya wasa, kuma da an saurare ta da amalanke bai yi tafiyar dare ba.

Malama ta karɓi sabon ma'auni, amma ba ta yar da tsohon ba. Duk lokacin da aka kawo mata sabuwar yarinya ta koya wa aikin, takan shimfiɗa su biyu a tabarma gefe da gefe, ta nuna mata inda jan ya rabu, ta ba ta labarin yaron. Sa'an nan ta ce: "Ƙanwata, wannan sabon ma wata rana zai tsufa. In aka kira ki taro, ko kina tsakiyar noma, ki ajiye hauya ki tafi."