Lokacin da waya ta mutu a Daudawa

Mu da muka tashi a Daudawa muna zuwa coci ba mu da yawa. Hausawa ne mu, da Hausa muke addu'a, da ita muke karanta Littafi Mai Tsarki, wanda cikakkiyar fassararsa ta fito tun 1932. Har yau a jami'a, in muka faɗi garinmu da addininmu, sai wani ya sake dubanmu: "Bahaushe kuma Kirista?" Wannan mun saba da shi. Abin da ba mu saba gani ba shi ne benci wayam ranar Lahadi.

A daren 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. An sako su bayan kwana shida, amma gwamnati ta rufe makarantun kwana, mu ma aka sallamo mu gida muna 'yan shekara sha biyar. Daga nan komai ya yi ta tsukewa. Aka bar gonakin nesa da gari, iyalai suka kwashe kaya zuwa Funtuwa da Zariya, addu'ar dare ta tsaya. A watan Satumba 2021 kuma aka yanke layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara.

A nan asirinmu ya tonu. Da can in wani bai zo sujada ba, sai mu tura masa aya ta WhatsApp, mu ce mun yi zumunci. Da waya ta mutu, sai ga mu hannu rabbana.

Akwai mai kaɗa mana ganga a ƙungiyar matasa. An ɗauke mahaifinsa a hanyar gona, aka sayar da shanun huɗa aka fanso shi, ya dawo ba lafiya. Yaron ya daina zuwa. Mu kuwa muka yanke masa hukunci a bayan idonsa, wai ya ja da baya. Wata Lahadi bayan an tashi, wata tsohuwa 'yar zumuntar mata ta tare mu a bakin ƙofa.

"'Ya'yana, a cikinku wa ya taka ya je gidansu?"

"Mama, ai babu waya."

"Ƙafafun ma an yanke su ne?"

Muka je mu huɗu, kowa da ayar da ya haddace. Ya shimfiɗa mana tabarma, ya ce, "Ina Allah yake ranar da aka tafi da Baba?" Ɗayanmu ya buɗe baki ya kama wa'azi. Bai kai rabi ba yaron ya tashi ya shige ɗaki. Gaskiya da mu ne, da mun yi haka.

Komawa ta biyu da kaka ne, ba mu ɗauki komai ba sai buhuna. Mun tarar da maƙwabcinsu Musulmi ya riga mu, ya kawo amalankensa yana kwaso musu masara. Kunya ta kama mu. Muka yini muna ɓare masara, ba wanda ya ambaci coci. Da yamma yaron da kansa ya ce mu shiga mu yi wa Baba addu'a.

Daga baya ne labarin Barnaba ya zauna mana. A Ayyukan Manzanni, da masu bi a Urushalima suka ƙi yarda da Shawulu don tsoro, Barnaba ne ya kai shi gaban manzanni ya tsaya masa. Da Bulus ya ƙi sake tafiya da Markus saboda ya taɓa barinsu a hanya, Barnaba ya ɗauke shi suka tafi. Mun sha jin wannan a taron FCS muna gyangyaɗi, muna ganin aikin fasto ne.

Ƙannenmu da ke sakandare, in kun taru a makon nan, ku ƙirga waɗanda ba su zo ba, ku san ɗakin kwanansu.

Abokin namu ya dawo ranar Kirsimeti, ya zauna a bencin baya. Gangar tana hannun wani yaro yanzu, bai nemi a mayar masa ba. Tambayarsa ma har yau ba mu amsa ta yadda zai gamsu ba. In mun je hutu, gidansu muke fara sauka.