Kafin Ka Sauke Baƙo, Sanar da Mai Unguwa

A shekarar 2012, da mahaifinmu ya karɓi kuɗin sallama bayan shekara 35 yana koyarwa a firamare, kwamfutar tebur ya fara saya, tun kafin ya gyara rufin ɗakin Inna da ke yoyo. A Kano aka haɗa masa ita, ya rungumo ta a motar haya har Wudil, ya kama ɗan shago a kan hanyar jami'a, ya rataye allo a ƙofa cewa ana buga takardu. Ya rasu a 2019, Allah ya jiƙansa. Shagon ya koma hannun ƙanwata, kuma daga aljihun teburinsa ake fitar da kuɗin cefanen gidanmu mafi yawan ranaku, domin albashin ɗan jarida, kamar yadda abokan sana'ata suka sani, ba shi da ranar zuwa.

Garin da ke da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote, wadda ta fara aiki a 2001 da sunan Jami'ar Fasaha ta Kano, ga kuma makarantar horar da jami'an 'yan sanda ta ƙasa, ba ya rasa mai neman a buga masa takarda. Mai haƙurin jira ne ke wahalar samu. A bazarar 2025 ƙanwata ta kira ni ina wurin aiki a Kano, ta ce: "Yaya, kwamfutar Baba ta gaji. In na kunna ta, sai na gama share shago kafin ta farka. Jiya wani ɗalibi ya zare filas ɗinsa ya tafi shagon gaba. Babi biyar na kundin bincikensa, duk aikin ya wuce mu."

Zancen sayen sabuwa bai ma taso ba. Tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023, dalar da ake saya naira 460 da ɗoriya a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, kuma duk abin da ke shigowa daga waje ya bi ta, har da kwamfutocin gwanjon da muke kira 'yan Landan. Sai na yanke shawarar a yi wa tsohuwar ƙari. Ina ba da labarin ne, har da kuskuren da na tafka, don na san akwai irin wannan kwamfuta a ofisoshi da makarantu da dama, an lulluɓe ta da tsohon zane ana jiran ranar da kasafi zai kai.

Hanya mafi sauƙi ta fahimtar cikin kwamfuta ita ce a dube ta kamar shagon ɗinki. Furosesa shi ne tela, mai yin aikin. Ram shi ne teburin da ake baza yadi a kai: in ya yi ƙanƙanta, komai ƙwarewar tela sai ya riƙa naɗe wannan kafin ya buɗe wancan. Had disk shi ne siton da ake ajiye kaya, kuma duk lokacin da aka aika ɗauko wani abu daga can, tela na zaune hannu sake. Madabod kuwa, wato babban allon da ake dasa komai a kansa, shi ne ginin shagon, shi ke ƙayyade irin teburin da zai shiga ƙofa da irin telan da zai zauna.

Da na kwance murfin tamu, na sami furosesa Core i3-2100 na kamfanin Intel, ƙirar 2011, mai cibiyar aiki biyu, kamar a ce teloli biyu. Ram gigabait 4 ne. Siton kuma irin na da ne, mai faifan ƙarfe da ke juyawa sau 7,200 a minti ɗaya. Na karanta cewa mazaunin furosesan, wanda ake kira LGA 1155 saboda ƙananan allurai 1,155 da ke cikinsa, zuriya biyu Intel ya ƙera masa, ta 2011 da ta 2012. Ke nan Core i5-3470 na 2012, mai cibiyar aiki huɗu, zai zauna daram a kujera ɗaya da tsohon. Na kuma gane cewa ram ɗinmu DDR3 ne, kuma sabon samfuri DDR4 ba zai shiga raminsa ba ko da ƙarfin tsiya, domin tsagar da ke jikin sandar a wani wuri daban take. Da wannan ɗan ilimi na kwana ɗaya na ɗauki kaina masani.

Na cire tsohon furosesa, na naɗe shi a takarda, na tafi da shi titin Beirut a Kano, inda ake hada-hadar kayan kwamfuta da wayoyi. Wani matashi da maƙwabtansa ke kira Injiniya ya fito mini da duk abin da na lissafa: furosesa, sandunan ram biyu masu gigabait 4 kowanne, da SSD, wato sabon nau'in sito marar faifai. Da muka zo ciniki ya ce: "Malam, ka bar mana tsohon mana, a rage maka wani abu." Na amince. Yana miƙo mini leda ya ƙara da cewa: "Ka dai duba bayos ɗinka." Na gyaɗa kai kamar na fahimta. Mutumin da tambaya ce sana'arsa, ya ji kunyar yin tambaya ɗaya a gaban yaro.

Bayan magariba na haɗa komai a shago, ƙanwata na haska mini da fitilar waya. Na danna maɓalli. Fanka ta juya, 'yar fitilar gaba ta kama, allo kuwa baƙi ƙirin. Na kashe, na kunna. Na cire ram, na mayar. Shiru. Ƙanwata ta daɗe ba ta ce komai ba, can ta ce: "Yaya, da safe jinkiri take yi. Yanzu kuma ta mutu."

Da na kira Injiniya, tambaya ɗaya ya yi mini: "Ranka ya daɗe, ka sabunta bayos kafin ka cire tsohon?"

Bayos 'yar ƙaramar manhaja ce da ke zaune a cikin wani ɗan ayisi a jikin madabod, wanda bai kai farcen yatsa ba. Ita ce abu na farko da ke aiki idan an kunna kwamfuta, tun kafin Windows ya san gari ya waye. Ita ke tayar da furosesa, ta ƙirga ram, ta nemo sito, sannan ta miƙa ragama. Don ta iya tayar da furosesa, dole ne ya kasance cikin waɗanda aka sanar da ita, tare da bayanin yadda ake mu'amala da shi. Matsayinta matsayin mai unguwa ne: baƙo ko da ɗaki ya yi masa daidai, ko da ya fi na da kirki, ba ya sauka sai da saninsa. Madabod ɗinmu an ƙera shi ne a 2011, lokacin da furosesan da na sayo bai fito ba. Kamfanin da ya yi allon ya fitar da sabuwar bayos daga baya wadda ta san baƙon, amma sanya ta sai kwamfuta na aiki, kuma kwamfuta ba ta aiki sai da furosesan da tsohuwar bayos ta sani. Shi ne kuwa na baro a Kano don ragin da bai kai kuɗin motata ba.

A haka ma na taki sa'a ban sani ba. Kowane madabod na da rukunin ayisin da ke tafiyar da shi, wanda ake kira cifset. Masu H61 ko H67 ko P67 ko Z68 suna iya karɓar zuriyar 2012 idan mai ƙirar ya fitar musu da sabuwar bayos. Masu Q65 ko Q67 ko B65, waɗanda suka yawaita a kwamfutocin ofis na wancan zamani, ba sa karɓa sam, duk da mazaunin iri ɗaya ne. Namu H61 ne. Da ɗayan rukunin ne, da kuɗin furosesa ya bi ruwa.

Washegari Juma'a ce, ranar kasuwar Wudil. Manyan motocin shanu sun cika bakin gada, na shafe kusan awa biyu a tafiyar da ba ta fi kilomita 40 ba sosai. Sauri ya haifi nawa. Injiniya ya zazzage wani gwangwanin madara cike da tsofaffin furosesa a kan tebur, ya tsinto nawa, ya ce in mayar masa in na gama, ya ƙi karɓar ko sisi. A wannan karon na fito da littafina na aiki na rubuta duk abin da ya ce. In karanta sunan allon da lambar bugunsa a jikin madabod, harafi da harafi, domin bayos ɗin wani allo guba ce ga wani. In sauko da fayil ɗin daga shafin kamfanin da ya ƙera allon kawai. In sa shi a filas da aka tsara da FAT32. In kwafe duk abin da ke cikin tsohon sito kafin in taɓa komai. Na ƙarshe ya maimaita shi sau biyu: "Malam, don Allah kada ka yi shi a wutar gari."

Dalilinsa shi ne, sabunta bayos share tsohon rubutu ne daga ayisin, sannan a rubuta sabo. In wuta ta ɗauke a tsakani, allon zai kwana da rabin hankali, ba zai iya tashi ba balle a ƙarasa masa. Wasu alluna na da ayisi biyu, ɗaya na jiran ko-ta-kwana. Namu ɗaya ne tal. In ya lalace, sai dai a kai wa mai na'urar rubuta ayisi ya gwada sa'a, ko a nemi wani madabod. Masu rubuta irin waɗannan bayanai a intanet kan ambaci ɗaukewar wuta a layi ɗaya su wuce, don a wurinsu abu ne da ke faruwa jefi-jefi. A wurinmu shi ne babban babin.

Na mayar da tsohon furosesa, kwamfuta ta tashi da nawarta da muka saba, ban taɓa jin daɗin jinkirinta irin na ranar ba. Muna kwafe kaya muka ci karo da wani fayil na Baba mai suna "Bashi". Sunayen ɗalibai ne da lambar shafukan da aka buga musu, tun daga 2012. A gaban wasu an rubuta "ya biya". A gaban da yawa an rubuta "na yafe". Ƙanwata ta ce in kwafe shi wuri biyu.

Bayan isha'i muka ɗauki akwatin da allon zuwa kemis ɗin maƙwabcinmu, wanda ke da sola da inbata saboda firjin magani. Ya kashe fankarsa don a rage wa batir nauyi. Na sa filas, na shiga bayos, na zaɓi fayil, na yi bismillah. Wani siririn layi ya fara tafiya daga hagu zuwa dama. Mu uku muka zuba masa ido cikin zafin nan, ba mai motsi. A kusa da rabi ya tsaya cak na wasu daƙiƙu, na ji ƙanwata na salati a hankali. Sannan ya ci gaba. Duka-duka bai fi minti uku ba. Kwamfuta ta kashe kanta, ta sake tashi, sabuwar lamba ta bayyana a allo. Abin dariya, a daren nan ba a ɗauke wutar gari ba har asuba.

Sauran aikin bai ɗauki awa ɗaya ba. Na busa ƙurar hunturu goma sha uku daga fanka, na goge busasshen man da ke kan ƙarfen sanyaya, na ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a kan sabon furosesa, domin wannan man ne ke kai zafi daga furosesa zuwa ƙarfen, kuma a zafin Afrilu na Wudil ba abin wasa ba ne. Na sauya ɗan batir mai kama da kwabo, CR2032, wanda ke riƙe agogo da saitin bayos. Na sa Windows mai bit 64, tunda mai bit 32 ba ya iya amfani da fiye da gigabait 4 na ram. Baƙo ya sauka lafiya. Kwamfutar da ake share shago kafin ta farka ta koma tashi cikin ƙasa da rabin minti.

Gaskiyar da ya kamata in faɗa ita ce, mafi yawan wannan sauri daga SSD ya zo, sai ram. Ashe telolinmu biyu ba su ne matsala ba. Jiran ɗan aike daga sito suke yi. Furosesan da ya ja mana kwana uku shago a rufe, sai an buɗe manyan fayiloli masu hotuna da jadawali ake jin amfaninsa. Wanda kuɗinsa bai kai duka ba, ya fara da SSD, ya bi da ram. Waɗannan biyun da wuya su nemi a taɓa bayos.

Akwai kuma iyakar da ƙari ba ya ƙetarewa. Ranar 14 ga Oktoba 2025 Microsoft ya daina tura wa Windows 10 gyaran tsaro na yau da kullum, sai ga wanda ya shiga shirin ƙarin wa'adi. Windows 11 kuwa na neman kariyar TPM 2.0, da furosesan Intel na zuriya ta takwas zuwa sama, wadda ta fara fitowa a 2017. Namu na zuriya ta uku ne. Kwamfuta ce lafiyayya da ƙa'ida ta yi wa ritaya, kuma irinta na daga cikin abin da ke ƙara tulin sharar lantarki, wadda rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce ta kai tan miliyan 62 a 2022. Ga shagon da ake soka filas ɗin mutane daban-daban daga safe zuwa dare, zama ba gyaran tsaro haɗari ne na gaske. Mun yi shawara da ƙanwata: za mu gwada Linux Mint, wanda kyauta ne kuma ba ya ƙyamar tsohon allo, ta kuma shiga adashi don wata kwamfutar. Abin da muka saya shekara biyu ne ko uku, kuma kuɗin da muka biya ya dace da su.

Mako na zagayowa na mayar wa Injiniya tsohon furosesan Baba. Na ba shi haƙurin ɗawainiyar da na sa shi. Ya jefa shi cikin gwangwanin madarar nan, ya rufe, ya ce: "Ba komai, Malam. Ba kai ne na farko ba. Don irinku nake ajiye su."