Sunan Marigayiya a Rajista

A sana'armu ta rubuta manhaja, babu aikin da ke tona asiri kamar kwashe bayanai daga tsohon tsari zuwa sabo. Kamar tashi daga gida ne, sai an ɗaga gado ake ganin abin da ya shekara a ƙarƙashinsa. Suna ɗaya ya fito sau biyu, wanda ya rasu yana nan da ransa a takarda, wanda ya koma Kaduna har yanzu yana ƙauyensu. Idan kuwa rajistar ta masu karɓar tallafi ce, kowane irin wannan na iya zama bashi a wuyan wani.

Tallafin naira 5,000 a wata na zamanin Buhari, wanda aka zuba wa kusan dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da Suwizalan ta dawo da su, hannu da hannu aka riƙa biyansa a karkara: naira 10,000 duk wata biyu, mata a layi, kowace da katinta. Galibi sunan uwar gida ake rubutawa, sai na wanda zai karɓa in ba ta samu zuwa ba. A Oktoban 2023 gwamnatin Tinubu ta sanar da naira 25,000 har wata uku ga gidaje miliyan 15. Bayan dakatarwar da aka yi a Janairun 2024, sai aka ce dole a tantance kowa da lambar NIN, kuɗin kuma ta asusu zai shiga.

Ina da gwaggo a wani ƙauye tsakanin Karaye da Rogo. Kishiyarta aka rubuta, ita kuma mai karɓa a madadinta. Kishiyar ta rasu ta bar mata yara huɗu, Gwaggo ta karɓi kuɗin sau uku bayan rasuwar, naira 30,000 ke nan. Ta ce ta faɗa wa mai riƙe da takardar, ya ce ta ci gaba, ai gidan ake ba. Kuɗin ya tafi a dawa da sabulu da maganin zazzaɓi. Yanzu ta ƙi zuwa a ɗauke ta hoton NIN.

"Ɗan nan," in ji ta, "kai da ka san kwamfuta, in sun haɗa sunana da nata, ba za su ce in dawo da shi ba?"

Tsoronta yana da tushe. A 2020 Babban Bankin Najeriya ya fitar da rancen korona ta bankin NIRSAL, mutane da yawa suka ɗauka kyauta ce. A shekarar ne kuma aka kafa ƙa'idar GSI, wadda ke ba da damar bin lambar BVN a cire kuɗin bashi daga duk asusun da mutum yake da shi. Da aka fara cirewa, labarin ya kai har inda babu banki. Wancan rance ne, nata tallafi ne, amma a kunnen Gwaggo duk "kuɗin gwamnati" ne.

A wasu ƙasashen an riga an bi wannan hanya. A Ingila, da aka mayar da mutane daga tsohon tallafi zuwa Universal Credit, rarar da aka biya su a baya ta biyo su, ana zabtare ta daga sabon kuɗin. Sai a Afrilun 2025 aka rage iyakar zabtarewar daga kashi 25 zuwa 15 cikin ɗari. Na Ostareliya ya fi muni, kuma shi ya fi tsaya mini a rai don aikin irinmu ne. Manhajar ta ɗauki kuɗin da mutum ya samu a shekara ta raba shi daidai a kan makonni, ta yanke cewa an biya shi fiye da ƙima. Ka yi wa manomin Rogo wannan lissafi, wanda kuɗinsa ke zuwa sau ɗaya da kaka, za ka same shi da wadata a watan Agusta, lokacin da rumbu ya ƙare. A 2020 gwamnatin ta amince ta mayar da kuɗin basussuka kusan 470,000.

Ni ban ce a bar wanda ya cusa sunayen bogi ya ci bulus ba, wannan a bi shi har gida. Amma a rumbun bayanai, shi da Gwaggo kamarsu ɗaya: an biya suna bayan mai sunan ba ya nan. Abin da ya raba su, wato maganar da ta yi da mai takarda a gindin bishiya, babu gurbin da aka tanadar masa. Duk manhajar da za ta cire kuɗi kafin wani ɗan Adam ya tambayi wane ne ya yi kuskuren, ba zan sa hannuna a rubuta ta ba.

Na gaya wa Gwaggo cewa a fahimtata gidan aka ba, yaran kuma suna gidan. Ba ta gamsu ba. Ita damuwarta haƙƙi ne, kada ta kwanta da abin da ba nata ba. Ta ce in za a faɗa mata nawa ne, da wanda za ta miƙa wa, za ta fitar da masara da kaka ta biya. Abin da ba ta yarda da shi ba shi ne a shiga asusu tana barci. An yi kaka biyu da wannan maganar, har yau ba ta je hoton ba.