Kafin Ka Yi Wa Estanal Ɗinka Fomat, Duba Ramin USB Na Laftof Ɗinka

Yawancinmu idan waya ta cika, laftof muke jonawa mu kwashe hotuna da bidiyo, daga nan mu zuba su a ma'ajiyar waje, wadda muke kira estanal. To sai ka jona estanal ɗin ka ji yana "kas, kas, kas", ko ya bayyana ya ɓace, ko Windows ta ce sai ka yi masa fomat kafin ka yi amfani da shi. Don Allah kada ka danna. Sau da yawa lafiyarsa ƙalau, ramin USB ɗin ne ya gaza.

Ga dalili. Da yawa daga laftof na hannu da ke yawo a Sakkwato, a hannun ɗalibai da masu tura fina-finai a waya, an ƙera su ne kafin 2012, shekarar da Intel ta fara haɗa USB 3.0 cikin kayanta kai tsaye. Irin su HP EliteBook 8440p da Dell Latitude E6410, USB 2.0 kawai gare su. Shi USB 2.0 tun shekarar 2000 ya fito, USB 3.0 kuma a 2008, kuma sun bambanta ta fuska biyu.

Na farko gudu. A rubuce USB 2.0 yana kai megabit 480 a daƙiƙa, amma a aikace da ƙyar ka wuce megabait 30 zuwa 35. Giga 100 na bidiyon biki zai ci maka kusan awa guda. A USB 3.0, estanal ɗin nan dai zai gama cikin kamar minti 17 zuwa 20.

Na biyu kuma, wanda ya fi haɗari, wuta. Ramin USB 2.0 an tsara shi ya ba da miliamfa 500, na 3.0 kuma 900. A cikin estanal akwai faifai da ƙaramin inji ke juyawa, galibi sau 5,400 a minti, kuma lokacin tashi ne ya fi jan wuta. Idan bai samu isasshiya ba sai ya yunƙura ya faɗi, ya sake yunƙurawa, shi ne ƙarar da kake ji. In kuwa wutar ta katse ana tsakiyar kwafi, tsarin fayilolin na iya rikicewa, daga nan saƙon fomat yake fitowa.

Na ga wannan da idona wajen wata ƙanwata da ke karatu a Jami'ar Usmanu Danfodiyo. Duk aikin binciken ta na ƙarshe yana cikin estanal, wani mai gyara har ya ce mata ya mutu, a goge kawai. Muka ari laftof mai shuɗin rami muka jona, komai ya fito, ko fayil ɗaya bai ɓata ba.

Ga abin da za ka yi, bi da bi:

1. Leƙa cikin ramukan. Mai shuɗin ciki ko mai alamar SS a gefe shi ne 3.0. Baƙi galibi 2.0 ne.

2. Jona laftof ɗin da caja, ka cire fankar USB da wayar da kake caji a jikinsa, sannan ka gwada kowane rami.

3. Sauya kebul. Gajere mai kauri ya fi dogo siriri, don dogo yana rage ƙarfin wuta a hanya.

4. Nemi kebul mai kai biyu, wanda ke jan wuta daga ramuka biyu, ko mahaɗar USB mai nata caja. Mahaɗa marar caja ƙara matsalar take yi.

5. Idan laftof ɗinka yana da ramin ExpressCard a gefe, akwai katin da ake zurawa ya ba ka USB 3.0.

6. Gwada a wata kwamfutar. In ya buɗe, fara kwashe muhimman abubuwa tukuna. In kuma yana ci gaba da ƙara a ko'ina, cire shi ka kai wa ƙwararre, yawan gwaji na iya ƙarasa shi.

Masu jona estanal da waya ta OTG, ku ma abin ya shafe ku. Wayoyi da yawa ba sa iya ciyar da shi wuta, kuma da yawa masu bakin Type-C gudun USB 2.0 suke yi a ciki. Filashi ko SSD sun fi dacewa da waya.

Sannan kun san zafin Sakkwato a Afrilu da Mayu, ya kan haura digiri 40. Kwafi na awa guda a wannan yanayi yana gasa estanal, don haka kada ka ɗora shi kan katifa, ka riƙa kwafin kashi-kashi, ka danna Eject kafin ka zare. Abin da ba ka so ka rasa kuma, ajiye shi a wuri biyu.

Wane irin laftof kake amfani da shi? Rubuto mana sunansa, mu duba maka irin ramin da yake da shi. Allah Ya sa mu dace.