Da Gemuna Nake Wasan Mota



Ranar wata Asabar da la'asar sakaliya wani maƙwabcina ya same ni a ƙofar gida a tsugune, hannuna dumu-dumu da giris, ga wata 'yar mota da tsawonta bai wuce kamu ɗaya ba an kifar da ita a kan tabarma, tayoyinta na kallon sama. Ya dube ni, ya dubi motar, sannan ya ce, "Malam, har da kai? Da gemunka?" Muka yi dariya tare, amma bayan ya wuce sai maganar ta tsaya mini a rai. Ban ba shi amsa a ranar ba domin amsar tana da tsawo. Ita ce nake so in ba ka yau, ya mai karatu, in za ka yi haƙuri da ni.

A Funtuwa na tashi, a shekarun 1980, lokacin da manyan motoci ke shige da fice ɗauke da auduga da hatsi. Mu yaran unguwa ba mu da kuɗin motar kanti, saboda haka da kaka ta yi an girbe dawa sai mu bazama gona ɗibar kara. A feƙe ɓawon da reza, a tsaga shi sili-sili, a yanka totuwar gunduwa-gunduwa, a yi ta soka wannan cikin wancan har gingimari ta tashi. Tayar kuwa tsohon silifas ne, a ɗora murfin kwalba a zana, a yanke. Ba yabon kai ba, a layinmu babu wanda ya kai ni. Motata har sitiyari gare ta, dogon kara ne da nake murɗawa ina tsaye, tayoyin gaba su juya.

Wata rana a 1988 aka ba mu sakamakon jarrabawa, na zo na kusa da ƙarshe, lissafi kuwa ba a cewa komai. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya dawo daga kasuwa ya tarar da ni a zaure ina ɗaura wa wata tirela bodi, wadda na yi kwana tara ina haɗawa. Bai dake ni ba, bai ma ɗaga murya ba. Ƙafa kawai ya sa ya take ta, na ji karan ya yi ruƙus, ya ce, "Ga abin da ya cinye maka kai nan." Ba mugun mutum ba ne. Shi bai samu ya yi boko ba, kuma ya ɗauki alwashin sai 'ya'yansa sun yi. Na yi karatun kuwa, alhamdu lillahi, sai dai tun daga ranar ban sake taɓa kara da sunan ƙira ba.

Shekara 26 bayan haka, a watan Satumbar 2014, na tafi birnin Manchesta na ƙasar Ingila karatun digiri na biyu, na bar uwargida da jaririnmu a Zariya. Wanda bai yi hunturu a can ba ba zai gane irin kaɗaicin ba. A watan Disamba kafin ƙarfe huɗu an yi magariba, ga sanyi, ga yayyafi ba dare ba rana. Ina cikin wannan hali wani dare na bi ta gaban wani ɗakin wasanni na unguwa, na ji wata ƙara kamar ta ƙudan zuma, na leƙa. Abin da na gani ya ɗaure mini kai. An shimfiɗa kafet, an jera bututun roba an fitar da hanya mai kwana-kwana, ga 'yan motoci suna ta shawagi, can gefe kuma ga mutane a jere kan wani dandamali kowa da rimot a hannu. Yara ba su fi uku ba a cikinsu. Sauran duk magidanta ne, wasu ma furfura ta gama cin kansu.

Wani dattijo Bature ya ga na daɗe a tsaye, ya yafito ni, ya shiga yi mini bayani. Kowane zubi minti 5 ne, wanda ya fi yawan zagaye shi ya ci. Kowace mota tana ɗauke da wata 'yar na'ura, in ta wuce layi kwamfuta ta ƙirga mata, don haka babu gardama. Dokar da ta fi burge ni ita ce, duk wanda ya gama tserensa dole ya ajiye rimot ya je ya tsaya a bakin kwana, in motar wani ta kife ya ruga ya tayar da ita. Da na tambaye shi inda ake sayarwa sai ya ce, "Kada ka sayi haɗaɗɗiya. Sayi wadda za ka haɗa da hannunka, domin ranar da ta karye, kuma sai ta karye, kai ne makanikinta."

Na bi shawararsa na sayi ƙirar Tamiya, samfurin da ake kira TT-02, wanda bai daɗe da fitowa ba a lokacin, domin a 2013 aka fara sayar da shi. Girmanta kashi ɗaya cikin goma ne na motar gaske, kuma duk tayoyin huɗu suna ja. Kamfanin na garin Shizuoka ne a Japan, ya fitar da motar rimot ɗinsa ta farko a 1976, kuma da na ji cewa asalinsa sana'ar katako ce, da itace ya fara yin kayan wasa, sai na yi murmushi na ce ashe su ma daga kusa da kara suka faro. A kwalin ba mota za ka gani ba, ledoji ne cike da kusoshi da giyoyi da gutsattsarin roba, sai littafin umarni mai zane-zane. Rimot, da batir, da caja, da ɗan injin da ke juya sitiyari, da fenti, duk daban ake saye. Kafin in farga na kashe sama da fam 200 daga kuɗin abincina, kuma ban faɗa wa uwargida ba. Wannan laifi na amsa shi tuni.

Dare huɗu na yi ina haɗawa. Rabon da in ji irin wannan natsuwa tun zauren gidanmu na Funtuwa. Inda na sha kashi shi ne wajen fenti. Bodin yana zuwa ne garau kamar gorar ruwa, kai za ka yanke shi da almakashi, ka wanke da sabulun wanke-wanke don maiƙo ya fita, ka liƙe gilasai da salatif, sannan ka yi feshi. Kuma ta ciki ake fesawa, ba ta waje ba, saboda haka launin da ka fara sawa shi ne zai fito a sama, shi ya sa ake farawa da mai duhu a ƙare da mai haske. Fentin ma nasa daban ne, mai lanƙwasuwa tare da robar. Ni da son arha na sayi na ƙarfe. Karon farko da na yi da bututu ya fara ɓarewa yana zuba kamar ɓawon gyaɗa.

Tserena na farko na zo na ƙarshe, na biyu ma haka. Ina danne totur har ƙarshe, in isa kwana in kife, in tsaya jiran mai tayarwa, wasu kuma su wuce ni a hankali. Na ce wa dattijon nan zan sayi inji mai ƙarfi. Ya girgiza kai ya ce in bari. Abin da ake fara canzawa shi ne zobban roban da ke cikin tayoyi da giyoyi, a sa boris na ƙarfe don komai ya juya sumul, sai shokazoba mai mai a ciki don ta daina tsalle, sai tayoyin da suka dace da ƙasa. Inji shi ne na ƙarshe, sai hannu ya faɗa. Ya ce a wannan wasa wanda bai kife ba shi ke ci. Ban taɓa zuwa na ɗaya ba har na baro ƙasar, amma na taɓa zuwa na huɗu cikin takwas, kuma ranar na yi barci da farin ciki.

Da na dawo gida a 2016 sai kunya ta kama ni. Malamin makaranta, mai iyali, a ce an gan shi yana wasa da motar yara? Na naɗe ta a tsohon zane, na sa a kwali, na ɗora saman wadirob. Ta yi shekara bakwai a can.

Yanzu bari in kawo ka kan Abba. Sunan mahaifina ya ci, shi ya sa muke ce masa Abba. Yaro ne mai shiru-shiru, kuma takardar sakamakonsa kullum magana ɗaya ce, wai ba ya mai da hankali. A gida kuwa babu abin da bai kwance ba. Tocila, rediyo, fankar caji, har agogon bango. Na yi faɗa, na yi duka, uwarsa ta yi kuka, a banza. A raina na fara yanke cewa yaron nan ba zai yi karatu ba.

Wata rana a hutun ƙarshen 2023 na dawo daga aiki na tarar da ƙofar ɗakina a buɗe. Abba ne zaune a ƙasa, ya sauko da kwalin, ya yi wa motar filla-filla. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na yi kansa na ɗaga hannu, shi kuma ya ƙanƙame jiki ya rufe ido. A daidai nan idona ya faɗa kan abin da ke gabansa. Ya ɗauko kiret ɗin ƙwai daga kicin, ya jera kusoshin rami-rami bisa yadda ya cire su, na farko a ramin farko, na biyu a na biyu. Wallahi sai na ji ƙarar karan nan a kunnena, ruƙus, kamar yanzu aka taka shi. Shekarunsa goma ba kaɗan, kusan daidai da nawa a wancan lokaci. Na sauke hannuna, na zauna a ƙasa, ban san lokacin da na zauna ba.

Na ce, "Abba, me kake nema a ciki?"

Ya buɗe ido a tsorace ya ce, "Baba, so nake in ga abin da ke sa duk tayoyin su juya tare." Da ya ga ban ce komai ba sai ya ɗauko giyoyi biyu ya nuna mini. "Wannan babbar haƙoranta 70, ƙaramar 22, na ƙirga. Sai ƙaramar ta juya sau uku da ɗan kaɗan kafin babbar ta juya sau ɗaya."

Yaron da aka ce ba ya gane rabawa ke nan.

Mako biyu muka yi muna mayar da ita. Abin da ya fi ba ni wahala ba motar ba ce, hannuna ne. Duk sa'ad da ya ɗora kusa a karkace sai in ji kamar in fizge sukudireban in yi da kaina. Na koyi in zauna a kan hannayena in bar shi ya yi kuskure ya kwance. Na nuna masa dabarar da dattijon ya koya mini, ta sa siririyar takarda tsakanin giyoyin biyu kafin a ɗaure inji, don kada su matse da yawa ko su yi sako-sako. Da muka samu sabon bodi ta hannun wani abokina da ya dawo daga tafiya, na ce ya zaɓi launi. Ya zaɓi kore da rawaya da ja irin na motocin katako, ya ce kuma sai an rubuta "Sai Haƙuri" a baya. Na ce masa ai ta ciki ake yi, rubutun zai fito a juye. Ya tafi ya ɗauko madubin uwarsa, ya rubuta a takarda, ya kwafi abin da madubin ya nuna masa. Ya fito daidai.

Ba zan ɓoye maka ba, wasan nan a ƙasarmu yana da wahala. Motar don shimfiɗaɗɗen wuri aka yi ta, don haka sai mun nemi filin siminti na ƙwallon kwando mun share. Ƙurar hunturu tana shiga boris, dole bayan kowane wasa a goge da tsohon buroshin haƙori. Batirin zamani mai suna LiPo yana da ƙarfi amma ba ya son zafi, kuma yana iya kamawa da wuta in aka wulaƙanta shi. Na taɓa mance ɗaya a but ɗin mota cikin zafin Afrilu, na same shi ya kumbura kamar fanke, tun daga nan muka koma tsohon samfurin NiMH mai ƙwaya shida. Ga rashin wutar caji, ga tsadar kayan gyara da sai an yi odarsu daga waje. Uwargida har yau tana riƙe da lissafin ko sisi, kuma da gaskiyarta.

Duk da haka kusan kowace Asabar muna fita. Yaran unguwa sukan taru, mu jera robobin ruwa mu fitar da hanya, a kama lokaci da agogon waya tunda motar ɗaya ce. Dokar Manchesta na nan, wanda ya tuƙa shi zai tsaya a kwana ya tayar wa na bayansa. 'Ya'yan maƙwabcin nan nawa biyu suna cikin masu zuwa.

Ba zan ce maka Abba ya koma na ɗaya a aji ba, domin ƙarya ce. Yana tsakiya, wani zangon ya hau, wani ya sauka. Abin da ya canza shi ne yanzu yana yi mini magana, ni kuma na daina kallonsa a matsayin asara. Nakan yi tunanin mahaifina, in yi masa addu'a, in ce da ya tsuguna ya tambaye ni yadda sitiyarin tirelar nan ke aiki, da wataƙila shi ma ya ji abin da na ji. Amma shi da tsoron talauci ya yi renona, ban isa in ga laifinsa ba.

Kakar bara muka je Funtuwa gaida Hajiya. Na ja Abba muka shiga gona muka ɗebo kara, na ce yau zan nuna masa motar zamaninmu. Ashe hannu ya manta. Tsagar farko ɓawon ya yanke ni a yatsa, jini ya fito. Hajiya tana daga kan tabarma tana dariya, ta ce, "Ba shi rezar, kai ka tsufa." Na miƙa masa.

Wassalam.